Yadda Ake Wanke Tsohon Faifan Garmaho, a Kunna Shi, a Kwashe Waƙoƙinsa Zuwa Kwamfuta

A gidaje da yawa a nan Kaduna, musamman na tsofaffin ma'aikatan gidan rediyo da na reluwe da na masaƙun Kakuri, har gobe ana tarar da fayafayan garmaho a ƙarƙashin gado, ko a saman sif, ko cikin kabad ɗin rediyogram da ya daina aiki tun shigowar kaset. Magada sukan lissafa su cikin tarkace. Ni kuwa duk wanda ya nuna mini irinsu, roƙon da nake fara yi masa shi ne kada ya kunna ko ɗaya sai ya ji bayani.

Dalili shi ne waƙoƙin da da ke yawo a memori da WhatsApp, akasarinsu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma daga wani kaset, har murya ta dushe, kiɗa ya cakuɗe. Faifai ya fi su kusa da ranar da aka ɗauki waƙar. In an wanke shi aka ɗora masa allura mai kyau, za ka ji kowane kalangu da muryarsa, ka ji 'yan amshi suna jan numfashi kafin su karɓa. Ga hoton mawaƙi babba a jikin kwali, ga zaman minti ashirin kana sauraron fuska ɗaya ba tsallake-tsallake. Wannan daɗin ne ya dawo da kasuwar faifai a duniya, har a 2022 aka sayar da fayafayai a Amurka fiye da CD, abin da rabon da a gani tun 1987. Kamfanoni irin su Analog Africa na Jamus da Soundway na Ingila suna sake buga tsofaffin fayafayan Afirka bayan an gyara sautinsu, kuma inda tef ɗin asali ya ɓace, faifai mai lafiya suke nema su kwafa daga jikinsa. Sai dai kiɗanmu na kalangu da kotso da kuntigi bai cika shiga hannunsu ba. Wanda ke gidanku yana iya zama cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma allura mara kyau tana iya cinye shi a kunnawa ɗaya.

Kayan aiki

Na wanki: ruwan batir, wato tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota. Ka tabbatar farin ruwan ne zalla, ba mai asid ba, domin a shago ɗaya ake sayar da su. Sai sabulun ruwa na wanke-wanke, da burushin fenti sabo mai laushi, faɗin inci ɗaya ko biyu, da ƙyalle irin na goge tabarau guda biyu ko uku, da tawul mai tsabta, da murfin kwalba mai faɗin da zai rufe takardar tsakiyar faifai, da kwandon kife kwanuka.

Na kunnawa: garmahon lantarki mai dunƙulen ƙarfe a bayan hannunsa, wanda ake murɗawa a daidaita nauyi. Sabuwar allura. Amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO, da sifiku ko abin ji na kunne. Ƙaramin sikeli irin na masu zinari. Ma'aunin daidaito na magina, ko manhajarsa a wayar hannu.

Na kwashewa: kwamfuta, da ƙaramin akwatin sauti mai shiga ta USB, da manhajar Audacity wadda kyauta ce, da filas ko hadis na ajiya.

Garmahon lantarki da aka taɓa amfani da shi akan yi dace da shi wajen masu tsofaffin kayan lantarki, wani lokaci a kasuwar Panteka, amma na fi samun biyan buƙata wajen dattawan masu gyaran rediyo. Su suka san gidan da ake da shi, kuma su za su duba maka shi.

1. Fara tantance irin faifan

Kada ruwa ya taɓa komai sai ka raba su kashi uku.

Kashi na farko faifan roba. Babba mai inci 12 yana juyi 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Ƙarami mai inci 7 yana juyi 45, na RCA Victor ne, 1949. Ba su da nauyi, kuma in ka ɗan tanƙwara sai su ba da kai. Yawancin abin da EMI da Decca da Philips suka buga a Najeriya daga shekarun 1960 zuwa 1980 irin wannan ne.

Kashi na biyu faifan da, mai juyi 78, na garmaho mai wani da hannu. Yawanci inci 10 ne, mai kauri da nauyi, ba ya tanƙwaruwa, in ya faɗi sai ya tarwatse. Da wani irin ƙaro ake yinsa, kuma fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti uku ba. Sifirit yana narkar da shi nan take.

Kashi na uku ba shi da yawa, amma a garin da gidan rediyo ya kafu tun 1962 ba abin mamaki ba ne ka ci karo da shi. Faifai ne da ake yankawa guda ɗaya tak a situdiyo: farantin alminiyom aka shafe da baƙin fenti, sau da yawa da hannu ko da tafireta aka rubuta sunan abin da ke ciki. In ka leƙa ramin tsakiya za ka ga ƙarfe. Wannan kada ka wanke, kada ka kunna, musamman in fentin ya fara tsagewa ko ɓamɓarewa. Ka lulluɓe shi da takarda mai tsabta ka nemi masu adana kayan tarihi, irin na Gidan Arewa, su ba ka shawara.

Daga nan ka ɗaga kowane faifai a haske, ka karkata shi. Ƙarzuwar da ido ke gani amma farce ba ya ji, ba ta cika damuwa ba. Wadda farce ya ji, kunne ma zai ji. In layukan da allura ke bi sun yi fari-fari ko toka-toka ko'ina, tsohuwar allura ta riga ta cinye shi, wanki ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma duk da haka a kwafe shi in babu wani.

Riƙo kuma a gefe ne da tsakiya. Yatsa ba ya hawa kan layi.

2. Ɗauki hoto kafin wanki

Kwali gaba da baya, takardar tsakiya fuska biyu, da lambobin da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takarda. Lambar faifai da sunan kamfani su ne ke taimakawa a gano lokacin da aka buga shi. In akwai rubutun mai shi a jikin kwali, ko hatimin kantin da aka saya, a ɗauka. Wani lokaci takarda takan jiƙe tawada ta zube duk da kiyayewa.

3. Wanki

A nan rabin aikin yake. Yawancin ƙaraf-ƙaraf ɗin da mutane ke ɗauka tsufa ne, ƙura ce da fumfuna da maiƙon hannu suka daskare a cikin layi. Allura in ta bi ta kansu tana niƙa su ne tana goga wa bangon layin.

Zuba rabin lita na ruwan batir a kwano mai tsabta, ka ɗiga sabulu ɗigo biyu. Biyu kawai. In ya yi kumfa sosai ya yi yawa, kuma sabulun da ya bushe a layi shi ma ƙara yake yi. Shimfiɗa tawul a tebur, kwantar da faifai, kife murfin kwalba a kan takardar tsakiya ka danne da hannu ɗaya.

Da farko ka kaɗe ƙurar sama da busasshen burushi, a hankali, kana bin zagayen layi. Kada ka fara da ƙyalle, domin ƙurar hunturu yashi ce, in ka goga ta ka ƙarje faifan da hannunka. Sannan ka tsoma burushi a ruwan sabulu ka shafe fuskar duka. Bar shi minti biyu ko uku dauɗa ta jiƙa. Sai ka bi da burushin kana zagayawa yadda layin ya tafi, sau uku ta dama, sau uku ta hagu. Ba a ƙetare layi daga tsakiya zuwa baki, ko kusa. Ɗaga faifan a tsaye ka ɗauraye da ruwan batir zalla, kana juya shi yadda ruwan zai gangara baki ba tsakiya ba. Ɗauraya biyu ta fi ɗaya. Tsane da ƙyallen tabarau, shi ma a zagaye, ka juya ɗaya fuskar a kan busasshen ɓangaren tawul ka maimaita. Jera su a kwandon kwanuka, a cikin ɗaki, a rufe taga. Na roba awa ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Faifan roba da ya yi maiƙo ƙwarai, ana iya ƙara sifirit fari na isopropyl, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu. Mai launin shuɗi ko shunayya ba ya yi. Faifan 78 kuwa ko ɗigon sifirit kada ya gani. Shi ana wanke shi da sauri, ba a bari ya jiƙa, kuma sai ya kwana ya wuni yana bushewa kafin a kunna, saboda jikinsa yana shan ruwa.

In ba ka samu ruwan batir ba, ka yi wankin farko da fiyawota, amma ka yi ƙoƙari ɗaurayar ƙarshe ta zama da tataccen ruwa. Ruwan rijiya da na bohol suna barin farin gishiri a cikin layi in sun bushe. Ruwan sama da aka tara a tsakar gida, ba wanda ya biyo kwano ba, in an tace shi da ƙyalle mai tsabta ya fi su.

Omo, kananzir, fetur, turare, man shafawa, tishu, duk ba su da wuri a nan. Wasu masu sayarwa sukan shafa wa faifai mai don ya yi ƙyalli. In ka ji santsi a gefensa, ka wanke shi sau biyu.

Wanda ya yi fumfuna ka wanke shi daban a ƙarshe, ka zubar da ruwan, ka wanke burushin. Kuma wankakken faifai ba ya komawa tsohuwar rigarsa ta ciki.

4. Duba garmahon kafin ya ga faifai

Juya bayansa ka karanta farantin da aka rubuta wuta. Wutarmu 230V ce, 50Hz. In ka ga 120V 60Hz, na Amurka ne, in ka soka shi kai tsaye ya ƙone. Taransifoma za ta rage masa ƙarfin wuta, amma akwai matsalar da ba ta gyarawa: tsofaffi da yawa motarsu da bugun wutar take auna gudu, don haka wanda aka yi wa 60Hz zai riƙa juyi kusan 28 a maimakon 33 da sulusi. Murya ta yi kauri, kiɗa ya yi sanyi. Waɗanda aka rubuta wa Quartz, irin Technics SL-1200 MK2, ba ruwansu da wannan.

Gwajin gudu ba ya buƙatar na'ura. Manna ɗan salatif a bakin farantin da faifai ke zama a kai, kunna a 33, ka ƙirga. Cikin minti uku cif ya kamata ya zagayo sau 100. In ka samu 83, matsalar 60Hz ce. In ka samu 96 ko 97, ko gudun yana hawa yana sauka, mai yiwuwa bel ɗin robar da ke juya faranti ne ya saki. Ɗaga tabarmar roba da faranti ka duba. Tsohon bel yakan narke ya zama kamar kwalta. Goge wurin da sifirit, zagaya zare a inda bel ɗin yake bi, ka nemo wanda ya ɗan gaza zaren kaɗan. Robar ɗaure kuɗi ba ta maye gurbinsa, sautin rawa zai riƙa yi.

Ajiye garmahon a kan abu mai nauyi da ba ya girgiza, ba tebur ɗaya da sifika ba. Ɗora ma'aunin daidaito a kan faranti, gaba da baya, dama da hagu, ka cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa.

Game da wuta, kada ka yi wannan aiki da ƙaramin janareta, gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inbata mai kyau ta fi, kuma ba za a ɗauke wuta allura na tsakiyar waƙa ba.

5. Allura da nauyinta

Duk garmahon da ka saya na hannu, ka ɗauka allurarsa ta mutu, ka canza. Ido ba ya ganin cinyewarta. Ta lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1000, ta yakutu kuwa da ake sa wa masu araha ba ta wuce 'yan gomomin awoyi ba. In ba a samun irin taka, a canza kan da allurar ke jikinsa gaba ɗaya. Audio-Technica AT-VM95E kai ne mai sauƙin kuɗi da ba ya cutar da faifai, nauyin da ake ɗora masa a kan faifai gram 2 ne, kuma akwai allurar 78 da ke shiga jikinsa.

Maganar allurar 78 ba ƙawa ba ce. Layin faifan da ya ninka na roba faɗi kusan sau uku. Siririyar allura in ta shiga sai ta nutse ƙasan layi tana kwasar shara, ka ji shuu ya rufe waƙa. Ta 78 kuma in ta hau na roba ɓarna take yi. Garmaho mai wani da hannu, mai allurar ƙarfe, faifan roba ba ya hawansa har abada. Ko a kan 78 ɗin, ƙa'idar allurar ƙarfe fuska ɗaya ce a jefar. Faifan da kake son adanawa kada ka ba shi.

Daidaita nauyi haka ake yi. Mayar da ɗan maɓallin da aka rubuta anti-skating zuwa sifili. Cire murfin allura, saki hannun kana tallafe da shi, ka murɗa dunƙulen baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Mayar da shi mazauninsa. Riƙe dunƙulen kada ya motsa, ka juya zoben lambobin da ke gabansa zuwa sifili. Sannan ka murɗa dunƙulen da zoben tare zuwa nauyin da aka rubuta wa kan, a ce 2. Kai anti-skating shi ma 2. Daga nan ka tabbatar da sikeli: cire tabarma, ɗora sikelin a faranti, sauke allura a hankali.

Mutane da yawa suna rage nauyi wai don tausaya wa faifai. Allurar da ba ta zauna ba rawa take yi tana dukan bangon layi, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Wasu kuma kwabo suke ɗorawa a kan allura in tana tsalle, kamar yadda aka saba a da. Wannan shi ya cinye yawancin fayafayan da muke gani sun yi toka. Ƙananan garmaho masu siffar akwati da ake sayarwa yanzu, waɗanda ba su da dunƙulen baya, wasu kan kai gram 5 kuma ba a iya ragewa. Ban yarda a ɗora musu faifan gado ba.

Allura ana share ta da ɗan burushi daga baya zuwa gaba, bayan kowace fuska.

6. Haɗa wayoyi

Ja a ja, fari a fari, a ramin PHONO. Siririyar waya ta uku a ɗaure ta a ƙusar da aka rubuta GND. In an bar ta, za ka ji ƙugi a ƙarƙashin waƙa.

Dalilin PHONO: lokacin yanka faifai akan rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa don layi ya yi siriri, bisa ma'aunin RIAA da aka tsayar a 1954. Ramin PHONO ne ke mayar da shi daidai, ya kuma ɗaga shi. In ka soka a AUX ko CD, sautin zai fito ƙasa-ƙasa, siriri, ba ganga. In amfilifayarka ba ta da PHONO, akwai ƙaramin akwati da ke wannan aiki. Wasu sababbin garmaho da nasu a ciki, da makunni a baya mai PHONO da LINE. In ka sa LINE, to a AUX za ka soka.

Zuwa kwamfuta kuma, a ɗauko daga REC OUT ko TAPE OUT na amfilifaya a kai akwatin USB. Akwatin USB na Behringer UFO202 yana da PHONO a jikinsa, garmaho na shiga kai tsaye ba sai da amfilifaya ba. In kwamfutar tebur gare ka, ramin shuɗi na baya zai yi. Ramin makirfo, mai ruwan hoda, ba ya yi, haka ramin laftof, sautin fashewa yake yi. In duk babu, ka ɗauki garmahonka da wankakkun fayafayanka ka je situdiyon da ke da mikisa, ka tsaya a kan aikin da kanka. Kara wayar hannu a bakin sifika ba kwafi ba ne.

7. Kwashewa

Buɗe Audacity, zaɓi akwatin USB a matsayin mashiga, layi biyu, wato dama da hagu. Sa ingancin ɗauka a 96000 da 24-bit in akwatin USB da kwamfutar za su ɗauka. Minti ɗaya yakan ci kusan MB 35, fuska ɗaya kusan MB 700. In wuri ya yi kaɗan, 44100 da 16-bit, wato ma'aunin CD, yana cin MB 10 a minti kuma ya wadatar.

Sa allura a wurin da kiɗa ya fi ƙarfi ka kalli ma'auni. Ƙololuwarsa ta tsaya wajen -6. In ya taɓa sifili ya yi ja, sautin ya fashe, kuma ba a gyara wannan daga baya. Wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi.

Zare cajar laftof ya yi aiki da batir, ƙugi yakan ragu sosai. Kashe fanka, nisanta wayar hannu, rage sifika ko ka sa abin kunne. Danna ɗauka tukuna, sannan ka sauke allura da ɗan sandan saukewa. Bar fuskar ta tafi har ƙarshe, ba tsayawa, ba yawo a ɗakin. Ka zauna ka saurara da takarda a hannu, kana rubuta mintin da ka ji tsalle ko tas.

A hunturu faifai yakan ɗauki irin wutar nan da ke sa riga ƙas-ƙas, ya jawo ƙura yana tas-tas. Ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a ɗakin yana taimakawa. Amma ba a kunna faifai a jiƙe.

In allura ta maƙale tana maimaita wuri ɗaya, tsaya ka duba da madubin ƙara girma. Sau da yawa ɗan datti ne ya daskare. Ɗiga ruwa, ka ture shi da tsinken sakace yadda layin ya tafi. In ƙarzuwa ce, ka ɗauki abin da ya gabace ta, ka ɗauki abin da ya biyo ta, ka haɗa a kwamfuta.

In 78 gare ka amma garmahonka bai da wannan gudun, ka sa allurar 78, ka ɗauka a 45, sannan a cikin Audacity, a wurin canza gudu, wato Change Speed, ka zaɓi daga 45 zuwa 78. Launin sautin ba zai zama daidai ɗari bisa ɗari ba, amma waƙar ta tsira.

Da ka gama, ka fitar da shi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, yadda yake, da ƙararsa da komai, ka sa masa suna da lambar faifai da fuska. Wannan shi ne uwa. Ba a taɓa shi. Duk gyara a kan kwafinsa ake yi.

8. Gyaran sauti

Abin da kamfanoni ke yi in za su sake fitar da tsohon kundi ke nan, sai dai su in sun yi sa'a daga tef ɗin asali suke farawa. Wani tef ɗin ma sai an gasa shi a zafi kaɗan na awoyi kafin ya kunnu, saboda danshi ya sa ya yi danƙo. Mai gyaran kirki burinsa a ji abin da aka ɗauka a ranar. Wanda bai iya ba sai ya ƙure ƙarfi, ya kankare ƙara har ya tafi da rabin kiɗan. Gyara kamar gishiri ne a miya, in har an ji shi to ya yi yawa.

In faifan mono ne, wato sauti ɗaya ne a dama da hagu, kuma namu da yawa haka suke, fara da haɗe layin dama da na hagu su zama ɗaya. Wannan kaɗai yana rage ƙara ba tare da ya taɓa waƙa ba. Sannan ka yanke abin da ke ƙasa da 20Hz da High-Pass Filter na cikin Audacity, gurnanin mota ne da lanƙwasar faifai.

Manyan tas-tas ka bi su ɗaya bayan ɗaya: faɗaɗa hoton sautin har ka ga tsinin, zaɓe shi kaɗai, ka danna Repair. Yana cin lokaci, amma shi ne gyaran da ba ya barin tabo. Click Removal yana yin duka a tashi ɗaya, sai dai a kiɗanmu yana da haɗari, domin bai san bambancin ƙarzuwa da bugun makaɗi a fatar kalangu ba, ko kaifin tsirkiyar kuntigi, ko tafi. In za ka yi amfani da shi, ka sassauta, ka gwada a daƙiƙa goma na wurin da kiɗa ya yi zafi, ka kwatanta da uwa. In bugun ya yi laushi, ka janye.

Noise Reduction kuma, ka nuna masa shirun da ke gaban waƙar farko, ka rage da 6 kawai. In ka wuce haka murya takan koma kamar daga cikin ruwa take fitowa, amon goge da na algaita su mutu. Ni sau da yawa tsallake shi nake yi. Ɗan shuu na faifai kunne yana mantawa da shi cikin minti ɗaya. Kada ka ƙara amsa-kuwwa, kada ka ƙara kauri don ya girgiza mota.

A ƙarshe daidaita ƙarfin sauti da Normalize zuwa -1, a kan fuskar gaba ɗaya, ba waƙa-waƙa ba, don wadda aka yi a sanyaye ta zauna a sanyayenta. Raba waƙoƙi, rubuta sunan mawaƙi da na waƙa yadda suke a takarda. Fitar da FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, na ajiya, da MP3 na waya. Uwa da FLAC su zauna wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a gidanka ba.

In kuwa sabon bugu za ka saya, karanta bayan kwalin: daga tef aka ɗauko ko daga faifai, wa ya gyara, kuma da izinin mawaƙin ko magadansa aka yi? Rubutun gram 180 nauyin roba ne kawai, ba shaidar kyawun sauti ba.

9. Ajiya da haƙƙin masu waƙa

A tsaye ake jera faifai, ba a kwance wani kan wani ba, ba a jingine a karkace ba. A raba 78 da na roba. Kowanne da sabuwar rigar ciki. In babu ta kanti, ninke farar takarda mai faɗi ka yi. Jarida tana zubar da tawada, ledar nan mai kauri mai wari kuma tana ɓata fuskar roba. A ɗaga su daga ƙasa saboda ruwa da gara, a nisanta su da bango mai danshi da taga da silin. Zafin Maris da Afrilu a cikin mota a rufe ya isa ya lanƙwasa faifai kafin ka fito daga kasuwa. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Wanda ya riga ya lanƙwashe kaɗan, sa shi tsakanin gilashi biyu masu tsabta, ɗora littattafai, ka bar shi makonni a ɗaki. Kada ka kai shi rana ko ka sa masa dutsen guga, layin ne zai narke.

Kwafin da ka yi na ajiya ne da sauraron gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare ɗaukar sauti shekara 50, waƙar kanta kuma shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata, alal misali, a 1999 ya rasu, saboda haka waƙoƙinsa suna da masu su. Kafin ka ɗora a YouTube ko ka ba masu turi a kasuwa, nemi iyalan mawaƙin ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙin. In ka je wurin iyalan, tafi musu da filas mai ɗauke da FLAC ɗin da hotunan kwalin, domin ba kowane gidan mawaƙi ne ke da faifan mahaifinsu ba.